Da Sauƙi

Litinin, 9 ga Oktoba 2017, bayan isha'i

Yau an tafa min a ofis. Tafi na gaske, da hannu, a ɗakin mitin, ni ina tsaye na rasa inda zan sa idona.

Na kira ƙanena Rabi'u a Kano na ba shi labari, sai ya sake tambayata wai shi har yanzu bai gane aikin da nake yi a New York ɗin nan ba. Na sake yi masa bayani. Manhaja muka ƙera mai bibiyar masu ciwon zuciya suna gidajensu. Sikeli ya aiko nauyin mutum, abin awon jini ya aiko nasa, kuma kowace safiya waya ta tambaye shi da murya ya amsa. Manhajar ta haɗa duka ta fitar da launi. Kore, a ƙyale mutum ya sha iska. Ruwan ɗorawa, a sa ido. Ja, nas ta kira shi nan take. Ni na yi ɓangaren Hausa saboda mutanenmu na Bronx, kuma muryata aka saka don ba a samu wani ba.

Abin da aka tafa wa shi ne, a cikin duk harsunan, masu jin Hausa sun fi kowa zama kore. Shugabar kamfanin har da dafa ƙirji, wai harshen uwa magani ne. Rabi'u ya ce, "To Yaya, ai ke ce likitar Umma yanzu."

Umma tana cikinsu. Ni na roƙi likitanta ya saka ta, tun da ta zo bara neman maganin zuciyar. Ita ma kore.

To me ya hana ni zama? Na goge kicin, na dawo na sake gogewa.

Laraba, 11 ga Oktoba, da safe, a jirgin ƙasa

In ƙarfe takwas ta yi, Umma sai ta gyara mayafi ta zauna sosai kamar za ta yi baƙo. Wayar ta ce da muryata, "Ina kwana? Ya jiki?" Umma ta ce, "Lafiya lau. Da sauƙi, Alhamdulillahi." Wayar ta ce, "Madalla, Allah Ya ƙara sauƙi." Umma ta ce amin, amin, har da shafawa.

"Ƙanwarki" take ce mata. "Ƙanwarki ta gaishe ni." Ni kuwa da nake 'yar fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke. Ke ɗin nan. In da baƙi, "waccan". Amma da waya hira take yi. Wallahi wani lokaci haushin wayar nake ji, kuma murya tawa ce. Wannan ai hauka ne.

Liftan gidanmu ya sake lalacewa. Hawa huɗu.

Alhamis, 12 ga Oktoba, azahar

Kore.

Asabar, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je Harlem cefane ni kaɗai. Da, Umma ba ta yarda a bar ta a gida ranar Asabar, don ta je ta yi ta ciniki da telolin Nijar a titi na 116 har su gaji su yi dariya. Yau ta ce in je kawai, tudun Ogden na unguwarmu ba gudu zai yi ba.

Silifas ta aike ni in sayo, kuma ta ce manya, na maza. Wai na Amurka tsukewa suke yi in sun sha ruwan alwala. Mai shagon ya ce, "Madam, na maigida ne?" Na ce masa ya ƙulle min kawai.

Na yi tuwo da miyar kuka da daddawar da na samo. Loma biyu ta yi ta ture kwanon. Ta ce tun da aka hana ta gishiri abinci ya koma magani. Na duba sikeli a wayata, nauyinta bai motsa ba. Na rufe, na buɗe, na sake dubawa. Bai motsa ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, magariba

Anti Hamdatu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi da ke zama da Umma in ina aiki, ta tare ni a matakala. Da Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji ta ce, "Hajiya bai kwanta ba yau. A kujera ya yi barci."

Na tambayi Umma. Ta ce lazimi take yi barci ya sace ta, ko shi ma sai an kai rahoto? Na lura filona ɗaya ya koma ɗakinta, yanzu uku ne a gadon. Ta ce nata sun yi laushi.

An kunna hitar ɗumama gidan, bututun sai bugawa yake yi. Shi na ɗora wa laifin rashin barcina.

Talata, 17 ga Oktoba, da safe

Kore. Ban san me launin nan ya yi min ba, amma na fara tsanarsa.

Alhamis, 19 ga Oktoba, a ɗakin jira na asibiti, ban duba agogo ba

In ban rubuta ba zan tashi in yi ta zagaye, kuma mai gadin nan ya fara kallona.

Da safe ina cikin jirgi lamba huɗu, kafin ya nutse ƙasa, Rabi'u ya kira. Ya ce, "Ya jikin Umma?" Na ce, "Da sauƙi." Layin ya katse. Sai na tsaya da wayar a hannu. Na ji tarinta jiya ta bango, na ga tuwon da ta ture, amma bakina bai ko tuntuɓe ni ba ya ce da sauƙi. Sai Baba ya faɗo min, a gadon asibiti a Kano, jajiberin rasuwarsa. Duk wanda ya shigo dubiya, da ƙyar yake ɗaga hannu, da sauƙi, da sauƙi. Na wuce tashata ban sani ba.

Da na isa ofis ko jaka ban ajiye ba na buɗe amsoshin. Masu Sifaniyanci suna ƙorafi. Masu Faransanci suna ƙorafi. Namu kuwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Zango, wata da watanni, babu mutum ɗaya da ya taɓa cewa babu sauƙi. Ko ɗaya!

Na je wajen Kwabena, wanda ya rubuta lissafin da ke fitar da launin. Ya ce, "Wataƙila lafiyarsu ƙalau ne mana." Na ce, "Kwabena, a Kumasi ka tashi, ka ji Hausa. In an ce da mara lafiya ya jiki, me yake cewa?" Ya yi dariya ya ce, "Da sauƙi." Sai dariyar ta tsaya. Na ce ba tambaya na saka a manhajar nan ba, gaisuwa na saka, kuma gaisuwa amsarta ɗaya ce.

Ya cire amsar murya daga lissafin don gwaji, ya bar awo kawai. Ina tsaye a bayansa kore ya fara juyewa ruwan ɗorawa, suna bayan suna. Sunan Umma yana can ƙasa. Ban jira ya kai kansa ba.

Da na isa gida ban ƙwanƙwasa ba, da makullina na buɗe. Tana sallar azahar a zaune a kan kujera. Umma, da ko zazzaɓi take yi sai ta kai goshinta ƙasa! Ta cire safa saboda alwala, ƙafafun suna waje. Ban gane su ba. Da ta sallame na durƙusa na danna ƙwaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta ja zani ta rufe ta ce, "Ke, meye haka? Ba kya ganin lazimi nake?"

Na kira Filomina, 'yar Jos, nas ɗin da ke duba launukan a asibiti. Ta ce, "Nuriyya, ajiye wayan nan ki kira ambulan yanzu yanzu."

A kan kujera suka sauko da ita hawa huɗu, ta rufe fuska da mayafi don kunya. Anti Hamdatu ta fito tana salati, tana, "Hajiya, ya jiki?" Da robar iska a hancinta Umma ta ce da sauƙi.

Juma'a, 20 ga Oktoba, la'asar

Ruwa ne ya taru a huhu. Ramewa take yi ruwan yana cike gurbin, shi ya sa sikeli bai motsa ba. Suna janyewa.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da yamma

Na yi niyyar ba zan tayar da maganar ba. Na yi niyya tun daga gida, na maimaita a bas. Ina zama na tayar.

Na ce, "Umma, don Allah me ya sa? Kullum ana tambayarki, kullum da sauƙi."

Ta ce, "To me zan ce? An gaishe ni."

Na ce, "Ba gaisuwa ba ce, Umma. Na'ura ce. So take ta san gaskiya don a yi miki magani."

Ta juya ta kalli taga. Ta ce, "Na'ura da muryar wa?"

Na ja bargo na rufe mata ƙafa.

Ta ce, "Kina shirin fita, ga sanyi, ga jirgi, ga aikin mutane a kanki. Sai in buɗe baki da sassafe in ce miki babu sauƙi? Allah Ya ba ni numfashi na wayi gari, in fara da ƙorafi? Haba."

Na ce ai ba ni ba ce, waya ce. Ta ce, "Oho. Ni dai ke nake ji."

Na fita baranda na yi kuka na haushi, irin wanda mutum yake so ya fasa wani abu. Ina jin haushinta. Na rubuta, ina jin haushin Umma, tana kwance da allurai a hannu ina jin haushinta. Da na koma ta ce in gyara ɗankwalina, likitoci maza suna wucewa.

Talata, 24 ga Oktoba, bayan tashi daga aiki

Na shiga mitin da shirin faɗa, sai ban samu abokin faɗan ba. Shugabar ta saurara, fuskarta ta sauya, ta ce a sauke zanen koren masu jin Hausa da aka liƙa a bango. Da ta yi musu ma da na ji daɗi.

Filomina da sauran nas-nas sun kira mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. An kwantar da biyu, har da wani dattijo a unguwar Concourse Village da ya daina zuwa masallaci saboda matakala, shi ma kullum da sauƙi.

Ni da Filomina muka zauna muka sake tambayoyin. Babu sauran ya jiki. Takalminka ya shiga yau? Da filo nawa ka kwana? Sallar asuba, a tsaye ka yi ko a zaune? Ga masu zuwa coci, ka iya tsayawa aka gama waƙa? Mutum zai ɓoye ciwo, amma ba na jin Umma za ta yi ƙarya a kan salla. Na ce kuma a nemi wata muryar, ba tawa ba. Sai kwamitin asibiti ya amince kafin a saka, kafin nan tsohuwar gaisuwar tana nan.

Filomina ta ce in je gida in kwanta. Na je gida na wanke labule.

Alhamis, 26 ga Oktoba, azahar

Likita ya kira ni wani ƙaramin ɗaki mai kujeru uku da kwalin tishu a kan tebur. Tun da na ga kwalin na so in juya. Ya yi magana a kan zuciya, ya yi magana a kan ƙoda. Sauran ba zan rubuta ba.

Na tambaye shi, da an kawo ta tun farkon wata fa? Ya ce ba wanda zai iya sani. Na ce ya yi min kintace. Ya ce ba zai yi ba.

Alhamis ɗin dai, magariba

Rabi'u ya ce, "Ya jikin?"

Na ce, "Rabi'u, jikin ba daɗi. Ka samu wuri ka zauna."

Ya ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Ki ce da sauƙi mana, sai Allah Ya kawo sauƙin."

Na kashe wayar. Ya kira, ban ɗauka ba. Ya sake kira, na ɗauka, muka riƙe waya a kunne har katinsa ya ƙare.

Asabar, 28 ga Oktoba, hantsi

Yau kam! Umma ta tashi zaune, ta ce koko take so. Anti Hamdatu ta hau bas da filas ta kawo, har da ƙosai mara gishiri da ta yi don ita. Umma ta sha rabin kofi, ta ce kokon Ghana yaji ya yi masa yawa, ta miƙo kofin a ƙara. Na taje mata kai na yi mata kalaba huɗu. Ta tsokani nas ɗin da ke juya ta, wani dogo ɗan Jamaika, wai in tambaye shi ko a gidansu ba a koya masa sallama ba.

Can ta ce, "Ina ƙanwarki? Kwana biyu ban ji ta ba."

Na ce wayar tana jaka, caji ya ƙare, kuma ma za a cire muryar.

Ta ce, "Kar ku kore ta. Yarinyar tana da ladabi."

Na yi dariya har Anti Hamdatu ta ce in rage murya. A hanyar gida na sayi sabon labulen banɗaki, ban san dalili ba. Wataƙila likitan nan bai san Umma ba ne.

Litinin, 30 ga Oktoba, la'asar

Sun mayar da ita ɗakin masu tsananin jinya, inda ake shiga mutum ɗaya-ɗaya.

Talata, 31 ga Oktoba, da yamma

Yara sun cika titi da kayan dodanni na bikin Turawa, suna ƙwanƙwasa ƙofofi neman alawa. Na zauna ban kunna fitila ba don kar su zo tawa. Na tashi, na zauna, na buɗe firji, na rufe. Na ɗauko kot na koma asibiti.

Laraba, 1 ga Nuwamba, bayan azahar

Tun da aka kwantar da ita ban sake ce mata ya jiki ba. Kalmar ta fita daga bakina. In na shiga sai in ce sannu Umma, in gyara bargo, in zauna.

Yau ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kin ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya."

Can ta motsa hannu, na matso. Ta ce, "Tambaye ni."

Na ce, "Me, Umma?"

"Abin da ƙanwarki take tambaya."

Na ce, "Umma, ya jiki?"

Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Na gaji, Nuriyya."

Haka ta faɗe shi, da ja a kan "ri" ɗin, kamar ta daɗe tana faɗa a wani wuri da ba na nan. Na riƙe hannun har nas ta zo ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Na ƙi tashi, ta ƙyale ni.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Hantsi ne. Rana ta fito sosai.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, magariba

Maza sun tafi da ita maƙabarta a New Jersey bayan an sauko daga Juma'a. Mu mata muka zauna. Takalma sun cika matakala tun daga hawa na uku. Ban san mun san mutane haka ba, 'yan Kano, 'yan Damagaram, 'yan Nima ta Ghana, har telolin titi na 116 sun rufe shago sun zo. Filomina ta zo da mijinta da kular shinkafa, ta ɗaura ɗankwali ta zauna a ƙasa tare da mu.

Ya haƙuri. Ya haƙuri. Ya muka ji da haƙuri. Na ce da godiya, da godiya, Alhamdulillahi. Bakina ya san aikinsa.

An gyara lifta yau.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, la'asar

An yi addu'ar uku. Kwabena ya turo saƙo, kwamiti ya amince, ranar Laraba za a saka sababbin tambayoyi da muryar Filomina. Na rubuta masa madalla.

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, duhu yana zuwa da wuri. Silifas ɗin nan manya suna bakin ƙofar banɗaki. Anti Hamdatu ta so ta ɗauke, na ce ta bar su.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da safe

Kowa ya koma aiki. Rabi'u ya ce 'yan'uwan Umma na ƙauye lambarta kawai suka sani, in kunna wayar saboda masu ta'aziyya. Na ciro ta daga jakar asibiti na sa caji a kicin, na ɗora ruwan shayi.

Ban tuna ba. Wallahi ban tuna ba. Ni da nake da ikon cire sunanta daga manhajar tun ranar Alhamis, ban tuna ba, ko ban so in tuna ba.

Ƙarfe takwas wayar ta yi haske ta ce, "Ina kwana? Ya jiki?"

Muryata, mai fara'a, ta ranar da na ɗauke ta a ofis ina shan kofi. Tana jira. Na san tana jira ne na ɗan lokaci, in ba a amsa ba ta sake tambaya. Ta sake. Na ji amsar ta taso min da kanta, har ta zo bakin haƙorana, na danne ta.

Na ce, "Babu sauƙi."

Wayar ta ce, "Sannu. Nas za ta kira yanzu." Ni na rubuta jimlar nan, ni na karanta ta, kuma tun da aka saka ta ba Bahaushen da ya taɓa jin ta.

Ruwan shayin bai tafasa ba wayar Umma ta fara ƙara. Na ɗauka.

Filomina ce. Ta ce, "Sunan Mama ya yi ja a gabana." Ta ja numfashi. "Nuriyya, ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "To. Kar ki kashe wayan. Bari in ɗauki kot ɗina, ina zuwa."